Kango a Sama

An ɗauke wuta tun magariba,
muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida.
Ina kankare siminti daga farcena
Rumasa'u ta miƙo mini wayarta:
"Baba, duba. Kai ne za ka gane wannan."

Na duba. Baƙi wuluk, da ɗigo-ɗigon ja,
kamar garwashin mai shayi
bayan kowa ya watse.
Na ce, "Gilashin ne ya fashe?"
Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Ta ce wani madubi ne aka harba sama,
ba ya barci, ba ya ƙyafta ido,
ya ƙura wa wuri guda kallo,
wurin da ƙwayar gero za ta rufe
in ka riƙe ta a tsawon hannu.
Kowane ɗigo, in ji ta, ba tauraro ba ne,
unguwa ce guda ta taurari,
kuma unguwannin na janyo juna,
wata rana su haɗe su zama birni.
"Ba a gama ba, Baba. Ana kan aikin."

Sai na gyara zama.
Wannan kam na sani.
Na san Ɗanbare tana gonar dawa,
gida nan, gida can, tumfafiya a tsakani,
tulin yashi, bulo dubu an jera a rana,
igiya da turaku inda za a yi lungu.
Ba wanda ya ce mata unguwa a lokacin.
Mu da ke cikin rami da kwanon sarki
mu kaɗai muke jin tana matsowa.

Na ce, "Yaushe za su kai linta?"
Ta yi shiru, ta kalli sama, ta kalle ni.
"Ai sun gama tuntuni.
Hasken ne ya daɗe a hanya,
shekara fiye da biliyan goma yana tafe.
Abin da kake gani tsohon labari ne,
yau ya iso Kano."

Ban iya lissafin ba, ban kuma yi musu ba.
Shekara arba'in da ɗaya ina aza bulo,
ba mai gidan da ya taɓa ɗaukar harsashi hoto.
Sai an yi fenti, an sa ƙofar ƙarfe,
a kira mai kyamara, mu kuma mun tafi.
Ga shi can an kashe dukiya
don a ga gini yana kango.

Gidan nan ma haka ya fara.
Mahaifiyarki Tasalla ta ɗebo ruwan kwaɓi,
jarka biyu, daga rijiyar makwabta,
kina goye a bayanta kina tsotsar yatsa.
Ta taka danyen daɓe, ta yi salati,
na ce bari, zan shafe. Ban shafe ba.
Sawun yana nan, ƙarƙashin randa.

Na so in tambaya, ban tambaya ba:
hasken ranar nan, na wannan hantsin,
shi ma yana can yana tafiya?
Akwai inda bai kai ba tukuna,
inda har yanzu take sauke jarka,
tana goge goshi da bakin zane?

Cajin wayar ya ƙare, birnin ya mutu a hannuna.
Janaretan makwabci ya yi tari ya tashi.
Sama da katangarmu, Kaza da 'ya'yanta
na nan inda na saba barinsu.
Rumasa'u ta naɗe tabarma.
Na ce ta tashe ni da wuri,
gobe muna zuba kankare a Janguza,
kuma in an kawo wuta
ta tura mini hoton.